Gadar Loko

Ban taɓa ganin itacen loko a tsaye ba. A ƙasarmu ba ya fitowa, sai can Kurmi inda ruwan sama ba ya ɗaukewa sosai. Ni a wajen wanki na san shi. Shekarar da aka kawo ni gidan mijina, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, duk ranar da na jiƙa rigunan aikinsa sai ruwan ya koma rawaya-rawaya, wani gari mai laushi ya kwanta a gindin bahon. Ranar da ruwan ya fita fari-fari kuwa, na san farin katako ya wuni yana yankawa. Da haka na fara bambanta su, tun kafin ya gaya mini sunayensu.

Mijina kafinta ne. Malam nake ce masa kamar yadda kowa yake ce masa a garin, duk da ba ya koyar da kowa karatu. Yana saurayi ya tafi ci-rani Kurmi, ya yi shekaru a wani injin tsaga katako, ya dawo da sana'a a hannunsa. Can iroko suke kiran itacen, 'yan katakon Kano ma haka suke cewa, amma shi a gida loko yake cewa, wai haka ya ji tsofaffin fataken goro suna faɗa. Ba mai yawan magana ba ne, amma idan zancen katako ya taso sai ka rasa ta inda za ka tsayar da shi.

"Idan kika tsaya a gindinsa kika ɗaga kai," in ji shi, "sai ɗankwalinki ya faɗi ba ki ga reshen farko ba. Rimin bakin kasuwar nan da kuke ganin girmansa, ƙanensa ne."

Loko idan an tsaga shi sabo launinsa kamar man shanu yake, sai ya sha iska da rana ya riƙa duhu har ya koma kalar tsohuwar zuma. Yana da nauyi, falanki mai kauri sai mutum biyu. In ka shafa shi kamar an goga masa mai. Ƙusa ba ta shigarsa sai an fara huda mata hanya, in ba haka ba ta lanƙwashe ko katakon ya tsage. Ƙofar da aka yi da shi ba ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa, ba ta motsewa da rani ta bar kafa. Ruwa ba ya ruɓar da shi, gara ba ta cinsa. Wannan da idona na gani: wata shekara gara ta hau bangon ɗakinmu, ta cinye katakon rufi, ta cinye gefen tabarma, amma da ta zo kan ƙofar da Malam ya yi mana sai ta kewaye ta wuce. Sai dai cikinsa ne kawai yake da wannan ƙarko. Farin da ke wajen ɓawo banza ne, Malam yakan yanke shi ya jefo mini in hura wuta.

Da shi yake yin ƙofofin masallaci, da tagogi, da bodin motocin da ke dakon shinkafa, da kuma 'yan allunan da manoma ke zurawa a bakin magudana su tare ruwa ko su sake shi zuwa gona. Wanda aka yi da farin katako rani guda yake yi ya ruɓe. Na Malam kuwa har gadonsa ake yi. Ya ce a Kurmi har kwale-kwale da turmi suna sassaƙawa da shi.

Aibinsa guda ne, garinsa. Tun farkon aurenmu idan ya wuni a kansa yakan dawo ido jajur, yana atishawa, tsakanin yatsunsa na ƙaiƙayi. Mu duka ba mu ɗauke shi komai ba. Bayan na haifi ɗanmu na biyu, namiji, sai ya sami aikin ƙofofin wani sabon masallacin Juma'a a ƙauyen da ke kusa da mu. A lokacin ne ya fara amfani da injin goge katako mai aiki da janareto, a cikin ɗaki, ƙura na tashi kamar ana tankaɗe. Ƙuraje suka feso masa har wuya, fatar idonsa ta kumbura, ƙirjinsa ya fara fito idan yana numfashi. Wata rana da azahar yayansa, wanda mu duka muke kira Yaya, ya kawo shi gida a bayan babur, leɓɓansa sun yi baƙi, ba ya iya haɗa kalma biyu. Muka wuce da shi asibiti a Kura. Likita ya ce fuka ce, ya tambayi sana'arsa, ya tambayi irin katakon, sannan ya ce in yana son ransa ya rabu da wannan itacen.

Inna, mahaifiyarsa, ba ta yarda ba.

"Tun yana can aka gaya masa itacen nan yana da masu shi," in ji ta. "Su kansu mutanen Kurmin ba sa sare shi haka kawai. Ya je ya kwaso mana abin da ya fi ƙarfinsa."

"Inna, ƙura ce," in ji Malam. "Ba aljani ba ne."

"Ƙura ce take kumbura wa mutum ido? Ni yau na fara ganin ƙura?"

Ta karɓo rubutu da turare. Rubutun ya sha don hankalinta ya kwanta. Turaren kuwa ranar da aka fara kunna shi tari ya kusa kayar da shi, sai na riƙa fitar da kaskon bayan gida, in ta tambaya in ce an yi.

Ya bar loko. Shekaru ya yi yana rufin ɗakuna da farin katako, yana yin bencina da kujerun tsugunno da akwatunan tumatir. Jikinsa ya dawo, har ya yi 'yar ƙiba. Amma ba ya jin daɗin aikin. Yakan ce aiki ne da ka san gara na jira ka juya baya. Ni kuwa ina sana'ata ta turara shinkafa, ina sayen shanshera, wato wadda ba a cire wa ɓawo ba, in jiƙa, in turara a ganga, in shanya, a kai inji. Garin farin katakon da yake kawo mini ma yana rage mini itace. Waɗannan su ne shekarun da muka fi samun kwanciyar hankali, ko da yake a lokacin ban san haka ba.

Tsakanin garinmu da yawancin gonakin akwai kanal, babbar magudanar da ruwan madatsar Tiga ke bi. An shafe gefunansa da siminti, a gangare suke, gansakuka ta lulluɓe su, santsi kamar miyar karkashi. Daga sama ruwan kamar ba ya tafiya, amma a ƙasa ja yake yi. Wanda ya faɗa, ko ya iya iyo, ba shi da abin kamawa. Gadar mota tana can nesa, don haka a inda kanal ɗin ya ɗan tsuke, inda akwai wani ginshiƙin siminti a tsakiyar ruwa tun zamanin da aka gina shi, mutane suka ɗora dogayen katakai ragowar wani gini, suka buga falankai a kai. Babu abin dafawa. Kowa ta nan yake bi, mata da kwanduna, maza da buhun taki, yara da awaki. Kowa ya san ta tsufa. Muna bi muna bismillah.

'Yata ta fari ba ta kai sha biyu ba. Ban taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda ake yi da ɗan fari, "ke" nake ce mata ko "yarinyar nan". Siririya ce mai wushirya, ba ta iya shara sai da waƙa. Takan tsinci nannaɗaɗɗun ɓawon katakon da ke zuba idan babanta yana gogewa, ta rataya a kunne ta ce 'yan kunnen amarya ne. Da rani ita ke kai abincin rana gonar albasar Yaya, inda 'yan ƙwadago ke aiki. Aikinta ne na kullum, ita da sauran sa'anninta.

Ranar da abin ya faru ina bakin shanya ina juya shinkafa da ƙafa, ƙaramar 'yata a goye, sai ga maƙwabciyata a guje ko mayafi babu. Ta kama hannuna tana nuna wajen kanal. Wani mutum da ke wanke albasa a ɗaya gefen shi ya ga komai. Ya ce ta zo tsakiya da kwano a ka, falanki ya karye a ƙarƙashin ƙafarta, ta zurma. Ya faɗa ruwan ya bi ta, ya kama gefen rigarta, ruwa ya ƙwace. Shi ma da ƙyar aka jawo shi da igiya.

Aka buga waya ga mai kula da ƙofar ruwa ya rage ruwan. Maza suka bi kanal ɗin gefe da gefe da gorori, Malam ya shiga har ƙirji inda ruwan ya fara ja da baya. Ni mata suka riƙe ni a gida. Da la'asar aka same ta a jikin ragar ƙarfen da ke inda ruwan ya rabu biyu, ita da ciyayi da ledoji. Babanta ne ya ɗauko ta a kafaɗa tun daga can, ya ƙi ba kowa. Kafin magariba an kai ta.

Washegari ya tafi bakin kanal ya ɓalle guntun falankin da ya karye ya kawo gida. Ya zauna a tsakar gida da shi a cinya. Daga sama lafiya lau yake, rana ta busar da shi. Da ya juya cikinsa ya danna babban yatsa, sai yatsan ya nutse kamar a jiƙaƙƙen burodi. Ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya ajiye shi a jikin bango ya fita karɓar gaisuwa.

Bayan an yi addu'ar bakwai dattawa suka zauna a ƙofar mai unguwa, aka ce a yi karo-karo a yi gada ta gaske. Ta ƙarfe ta fi ƙarfin garin. A bakin mata na ji wai Malam ya ce shi zai yi. Da ya shigo cin abinci na tare shi.

"Malam, na ji wai kai za ka yi gadar."

"Ni zan yi."

"Da wane katako?"

Ya ci gaba da juya cokali a kwano.

"Tambayarka nake yi."

"Kin san amsar."

"Ka manta abin da likita ya ce?"

"Ban manta ba. Ina wurin aka faɗa."

"To a ba wani mana. Kafintoci sun ƙare ne a Kura?"

"Abin da zai kwana a kan ruwa rani da damina, loko kaɗai na sani. Yanzu kuma ana shafa wa wani katakon kala a sayar da sunansa. Wanda bai yi aiki da shi ba ba zai gane ba."

"Ka zaɓo musu, ka tsaya daga nesa ka nuna."

"Zan gwada."

Na san ba zai gwada ba. Na ce masa an fitar mini da ɗaya daga gidan nan, ba zan iya na biyu ba. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi wadda ke bayana.

"Akwai ƙanenta, ga kuma wannan. Su ma ta nan za su bi."

Inna ta je ta sami Yaya tana kuka, ta ce ya hana shi. Yaya ya zo ya zaunar da shi a zaure, ya yi masa magana mai tsawo, ya ce shi da kansa zai nemo masu yi. Malam kansa a sunkuye yana cewa, "To, Yaya. To, Yaya." Da gari ya waye ya hau mota zuwa 'yan katako a Kano.

Ya yi ta kai da kawowa kafin ya sami abin da yake so. Ya ce loko ya yi wuya, manyan itatuwan sun ƙare a can, abin da ake kawowa yanzu 'yan sirara ne da aka sare tun ba su ƙosa ba, rabinsu fari. Rumfa-rumfa yake bi yana kankarar gefen katako da wuƙa, ya shinshina, ya ɗaga bakinsa ya ji nauyi. A ƙarshe ya sami tsohon kaya a wajen wani ɗan kasuwa da ya ajiye wa masu bodin mota ba su zo ba. Motar da ta kai shinkafa birni ita ta dawo da su. Da aka sauke, yara suka taru suna taɓawa. Ni daga ƙofar gida na jiyo warin, warin da na yi shekaru ban ji ba.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan ce bai yi ba. A ƙarƙashin darbejiyar bakin kanal ya kafa aikin, a fili, don iska ta riƙa kwashe ƙurar. Ya ƙi injin gogewa, komai da hannu. Ya samo wasu kafintoci biyu sa'anninsa daga Bunkure suka kama masa. Ni kuma tunda na kasa hana shi, sai na yanka tsohon zanina na ɗinka masa abin rufe hanci ninki-ninki, ina jiƙa masa da ruwa. Da safe in shafe masa hannu da wuya da man kaɗanya, ya sa riga mai dogon hannu duk zafin ranar. Da yamma a bayan gida yake tuɓe kayan ya yi wanka kafin ya shigo ɗaki.

Aikin bai yi sauri ba. Suna cikin tsaga ɗaya daga cikin manyan katakan sai zarto ya yi wata ƙara, haƙoransa suka ɓalle. Da suka buɗe wurin sai ga wani dunƙule toka-toka mai tauri kamar dutse a cikin naman katakon. Mutanen Bunkure ba su taɓa gani ba. Malam ya ce haka loko yake yi, inda ya taɓa jin rauni yana tsaye nan yake tara wannan abin. Sai da aka koma Kano sayen wani zarton, da yamma kuma kullum ana wasa shi, don katakon cin kaifi yake yi. Ga huda, kowane noti sai an huda masa rami, kuma hudar ta fi komai fitar da gari mai laushi. Wannan Malam ba ya barin kowa ya yi masa, wai in ramin ya karkace katakon zai tsage daga baya.

Ƙurajen suka dawo tun a makon farko. Sannan idon, sannan fiton ƙirjin. Ɗan abin fesawa a baki da aka ba shi a asibiti ya koma aljihun gaban rigarsa, yana ciro shi kamar goro. An gama rabin gadar, daga gefenmu zuwa ginshiƙi, sai ya faɗi a wurin aikin da rana tsaka. A adaidaita muka kai shi Kura, aka sa masa robar iska a hanci. Wannan karon likita mace ce. Ta dubi hannayensa, ta saurari ƙirjinsa, ta kira ni gefe ta ce huhun ya riga ya taɓu, duk komawar da zai yi kan wannan ƙurar ƙara masa take yi, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa.

Kafin a sallamo shi na kwashe zartonsa da abin huda da sauran kayan aikin na kai ɗakin Inna, muka tura su ƙarƙashin gado muka jera buhuna a gaba. Ya dawo, ya huta 'yan kwanaki, ya duba inda yake ajiye kayan bai gan su ba. Bai tambaye ni ba, bai tambayi Inna ba. Ya tafi ya aro na wani. Da yamma ɗanmu ya gaya mini zarton aron dakusasshe ne, babansa sai ya ja sau da yawa kafin ya ci abin kirki, yana tsayawa yana dafa gwiwa. Na shiga ɗakin Inna na janye buhunan. Tana zaune a bakin gado tana kallona.

"'Yar nan, mayar masa za ki yi?"

"Da su da babu su zai yi, Inna. Gara da nasa, ya fi saurin gamawa."

Ta juya fuskarta bango.

Haka ya gama. Ya bar 'yar tazara tsakanin falankan don ruwan sama ya riƙa zurarewa. Ya yi musu tsaga-tsaga a kai don kada ƙafa ta zame. Notunan ta ƙasa ya ɗaure su, ya daddake bakinsu da guduma yadda ba za su kwance ba. Ya sa abin dafawa hagu da dama, ɗaya daidai ƙugun babba, ɗaya a ƙasa daidai hannun yaro. Ba a yi wani biki ba. Liman ya yi addu'a, mutane suka fara wucewa. An ce da Malam ya zo tsallakawa sai da ya tsaya a tsakiya ya huta. Ni ban je ba.

Daga nan bai ƙara yin aikin kirki ba. Abin ya wuce loko, ko farin katako ya yanka sai numfashi ya sarƙe. Ya gwada tsayawa a kan masu rufi yana nuna musu, hawan tsani ya gagara. Ya koma zaman zaure. Hayaƙin gangata ma ya zama masifa a gare shi, sai na kwashe aikina gaba ɗaya na kai gidan wata ƙawata a can ƙarshen gari, kullum in tafi da sassafe in dawo in tuɓe kayan hayaƙin a waje, kamar yadda shi yake yi a da. Da shinkafar nan muka ci, da ita muka sayi magani, sai abin da Yaya ya taimaka. A yankinmu kuwa ba ka rasa abin shaƙa: in ba ƙaiƙayin sussuka ba, hayaƙin injinan shinkafa, in ba shi ba, ƙona karan gona. A zaune yake barci, matashi a jikin bango. Ya rame har agogonsa ya riƙa sauka zuwa tsakiyar hannu.

Halinsa ma ya canza. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya a gida ba, wata rana ya daka wa ɗanmu tsawa don ya ja ƙafa a tsakar gida ƙura ta tashi. Tsawar ta jawo tari, tarin ya ƙi tsayawa, yaron ya tsaya yana kuka yana shafa masa baya. Da ya lafa sai ya riƙe hannun yaron ya ce kada ya kuskura ya koyi kafinta. Shi da kansa ya roƙi wani mai gyaran injin ban-ruwa ya karɓe shi. Inna ta riga shi rasuwa, kuma har ta tafi ba ta sauka daga kan maganarta ba, masu itacen ne suka biyo shi.

Ya yi shekaru kaɗan a haka. Wata kaka, ana tsakiyar girbin shinkafa, an cinna wa kara wuta a gonakin gabas iska ta kwaso hayaƙin ta cusa cikin gari. Da hantsi abin ya taso masa, ya fesa maganin bai yi komai ba. Yaya ya samo adaidaita, ya ɗora kan Malam a cinyarsa, ni ina riƙe da ƙafafunsa. Ba mu kai kwalta ba na ji ƙafafun sun saki. Yaya ya ce wa mai tuƙin ya juya.

Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ambaci gadar. Sadaka mai gudana, in ji su, duk ƙafar da ta taka lada ce a gare shi. Ina cewa amin, kuma da gaske nake. Amma na yi takabata ina roƙa masa gafara ina kuma jin haushinsa, duka biyun a lokaci guda. Na daɗe a haka. Ban san ranar da haushin ya tafi ba, ban ma tabbata ya tafi duka ba.

Gadar tana nan. Babura na bi ta kai da buhuna, shanu ma an kora ta kai, ba ta ko motsi. Sai dai loko ya ƙara tsada, masu kayan ɗaki a birni suna sayen ko guntunsa. Bara da rani aka wayi gari an yanke abin dafawar gefe guda, na manya da na yara, an tafi da su. Ba a daɗe ba aka dawo aka kwashe na ɗaya gefen. Falankan ma ɓarayin sun gwada, ga shaidar ƙarfe nan inda suka yi ta ɓanɓara, notunan ne suka ƙi. Matasa suka ɗaura gora da igiya, damina guda ta gama da su.

Autata yanzu tana firamare, makarantar kuma a ƙauyen tsallake take. Kullum da safe nakan bar gangata a kan wuta in raka ta. Ba hannunta nake riƙewa ba, tsintsiyar hannun nake damƙewa, mu bi ta tsakiya. Takan ce, "Umma, kina ji mini ciwo," in ce ta yi haƙuri mun kusa. Da azahar in koma in jira ta a can gefen. Mazan garin sun ce za a sa abin dafawa na ƙarfe idan an sayar da tumatir. Bana kuwa tsutsa ta shiga tumatirin tun yana fure, masu gonakin da yawa ko kwando ba su kai kasuwa ba, maganar ta kwanta.